Maƙalar Mako: "Ai Haka Zamaninsu Yake" Ba Amsa Ba Ce



Tun da aka fara zancen littafin The Bride, wato Amarya, na marubuciyar nan 'yar Amurka Julie Garwood, akwai magana guda da take ta dawowa a bakin masu karatu, kuma yau ita muka zo wa. Da zarar wani ya ce auren da aka gina labarin a kansa bai kwanta masa ba, sai a tare shi da cewa ai haka zamaninsu yake, a daina auna mutanen da da mudun yau. Ana faɗin haka da murya irin ta wanda ya sha tarihi ya ƙoshi, shi kuma mai ƙorafin sai ya ja bakinsa kamar an kama shi da jahilci. To mu dai ba za mu ja namu ba. Maganar ba ta da tushe, kuma abin da ya fi ba mu haushi shi ne masu yin ta su ne suka fi kowa saurin cewa "ai labari ne kawai" idan aka nuna musu inda littafin ya yi wa tarihi karan tsaye.

Ga waɗanda ba su karanta ba, ga yadda abin yake a taƙaice, kuma ba za mu fasa muku ƙwai ba. Littafin ya fito a 1989. Labarin yana faruwa ne a farkon ƙarni na 12, lokacin da Henry na Ɗaya yake sarautar Ingila, Edgar kuma yake sarautar Sikotlan. Wani basaraken Ingila ya kasa biyan harajin sarki, sai hukunci ya zo cewa za a aurar da 'ya'yansa mata biyu ga shugabannin dangi biyu daga yankin tsaunukan Sikotlan. Ɗaya daga cikin mazan shi ne Alec Kincaid, ƙato, mai ƙarancin magana, wanda ake raɗe-raɗin shi ya kashe matarsa ta fari. Ya zo, ya duba, ya zaɓi autar gidan, Jamie, aka ɗaura, ya ɗora ta a hanya zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Daga nan sai faɗa da raha da shaƙuwa, ga kuma wani ɓoyayyen maƙiyi a cikin gida da yake neman ranta.

Mu fara da biyan bashi. Littafin yana da daɗi, duk wanda ya ce ba shi da daɗi bai karanta ba ko kuma yana jin kunyar faɗa. Garwood ta iya ban dariya, ta iya saƙa musu tsakanin miji da mata har mai karatu ya manta da tuwo a kan wuta. Jamie ba sakarya ba ce: ta san magani, ta ceto wani jarumin da har an fid da rai da shi, tana da baki, kuma ba ta daɗe da tarewa ba ta kusa haɗa mijinta yaƙi da maƙwabta saboda ta ƙi kau da kai daga abin da ta ga ba daidai ba. Alec kuwa ba ya dukanta. Idan aka ajiye shi kusa da mazan littattafan soyayyar Turawa na shekarun 1970, irin The Flame and the Flower na Kathleen Woodiwiss da ya fito a 1972, wanda labarinsa ya fara da fyaɗe, to Alec ustaz ne. Ba a banza littafin ya ci lambar yabo ta RITA ta marubutan soyayya na Amurka a 1990 ba, kuma har marubuciyar ta rasu a 2023 ana sake buga shi. Saboda haka duk wanda ya shigo yana jiran mu zagi littafin, ya yi haƙuri. Da masu karatu muke.

Akwai wasu 'yan uwa da suka ɗauki hanyar gyaran tarihi, kuma kusan duk abin da suka faɗa daidai ne. A cikin littafin, mayafin nan mai ratsi-ratsi da gidan dara, wanda ake kira tatan, shi ne tambarin dangi. Kowane dangi da launinsa, kuma babban abin da Alec yake jira shi ne ranar da Jamie za ta yafa nasa, alamar ta zama tasu. To a shekarun 1100 babu wannan tsari. Saƙa mai gidan dara dai tsohuwa ce a ƙasar, don an tono wani ƙyalle a Falkirk da ake ƙiyasta shi tun ƙarni na 3, amma saƙa ce kawai, kamar yadda muke da saƙi ba tare da an ce na gidan wane ne ba. Mazan yankin a wancan lokaci doguwar taguwa suke sawa da bargo a kafaɗa. Babban mayafin da ake naɗewa a ɗaure da ɗamara a ƙugu sai a ƙarshen ƙarni na 16 aka fara samun bayaninsa a rubuce, gajeren siket ɗin maza da ake kira kilt kuwa ɗan ƙarni na 18 ne. Shi kuma zancen kowane dangi da launinsa, wannan aikin ƙarni na 19 ne. A 1815 wata ƙungiyar 'yan tsaunuka mazauna Landan ta nemi shugabannin dangi su aiko da samfurin tatan ɗinsu, da yawansu sai da suka tambayi masaƙa. A 1822 marubuci Walter Scott ya shirya wa Sarki George na Huɗu biki a Edinbara inda aka cika gari da tatan, har shi sarkin ya sa kilt. A 1842 wasu 'yan uwa biyu da suke iƙirarin su jinin sarautar Stuart ne suka buga littafin Vestiarium Scoticum, suka ce tsohon kundi ne na launukan dangogi, daga baya aka gano ƙirƙira ce. Ke nan mayafin da Jamie take ta jan rai a kansa ya riga haihuwarsa da shekara ɗari bakwai.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Sunan Kincaid sunan wani wuri ne a kusa da Gilasgo, a bakin ƙasar kwari, kuma a farkon ƙarni na 12 mutanen tsaunuka ba su fara gadon sunan iyali irin wannan ba, da sunan uba ake kiran mutum, wane ɗan wane. Ita ma tsananin ƙiyayyar nan tsakanin Ingila da Sikotlan da ta cika littafin, an ɗebo ta ne daga gaba. An yi hare-hare kam, don mahaifin Edgar, Malcolm na Uku, a ƙasar Ingila aka kashe shi a 1093. Amma shi Edgar uwarsa Margaret jinin sarautar Ingila ce, da taimakon rundunar Ingila ya hau gadon sarauta a 1097, kuma ƙanwarsa ce matar Henry. Gabar da muka sani ta William Wallace da Robert Bruce ta fara ne daga 1296. A zamanin Edgar ma tsibiran yamma suna hannun sarkin Norwe, sai a 1266 suka dawo.

Duk wannan gaskiya ne, mun kuma ji daɗin koyonsa. Sai dai masu wannan gyara sun bar jaki suna dukan taiki. Babu yarinyar da za ta cutu don an sa wa wani mutumin ƙarni na 12 mayafin da ba nasa ba. In don wannan ne, mu ma da mun ce a bar marubuciya ta sha iska.

Amfanin wannan dogon bayani shi ne abin da yake yi wa ɗaya ɓangaren. Idan aka kawo maganar tatan, sai su ce haba, wa ya zo neman tarihi a littafin soyayya? Mun yarda. Amma idan aka kawo maganar an ɗauki yarinya an miƙa wa baƙo a maimakon haraji, an ɗaura ba da son ranta ba, mijin kuma yana kallonta a matsayin abin da ya mallaka, sai su juya su ce ai tarihi ne, haka zamanin yake. Taura biyu ba ta taunuwa, jama'a. In labari ne kawai, to marubuciya ce ta zaɓi auren dole da hannunta a 1989, kuma muna da ikon tambayar me ya sa ta zaɓe shi, me ya sa kuma yake yi mana daɗi. In kuma tarihi ne, to a zo a zauna a duba tarihin. Kuma idan aka duba shi, bai tsaya wa masu uzurin ba.

Jamie 'yar Ingila ce, a Ingila aka ɗaura mata aure, don haka dokar Ingila za mu fara dubawa. Wajen shekarar 1020, kimanin shekara 80 kafin lokacin labarin, Sarki Cnut ya fitar da kundin dokoki. A cikinsa akwai sashen da ya hana a tilasta wa mace, budurwa ko wadda ta taɓa aure, auren mutumin da ba ta so, ya kuma hana a sayar da ita don kuɗi. Wannan ba 'yan rajin kare haƙƙin mata na yau ne suka rubuta ba. Sarki ne ɗan Denmak da malaman cocinsa, shekara dubu da ta wuce.

Sai shi kansa Henry, sarkin da littafin ya ɗora wa umarnin. Da ya hau mulki a 1100 ya fitar da takardar alkawari ga manyan ƙasarsa don su mara masa baya. Daga cikin abin da ya yi alkawari: idan basarake zai aurar da 'yarsa ya shawarce shi, amma ba zai karɓi kuɗi a kan haka ba, ba kuma zai hana ba sai in da maƙiyinsa za a haɗa ta, macen da mijinta ya rasu kuwa ba zai aurar da ita ba sai da yardarta. Ku lura da abin da wannan yake nufi. Sarki ba ya alkawarin barin abu sai in mutanensa suna kuka da abin. Cinikin aure da sarakuna suke yi yana cikin jerin zaluncin da ake tuhumar wansa William da shi, shi ya sa sabon sarki ya sa shi a takarda.

Za a ce mana ai bai cika alkawarin ba. Haka ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Kundin kuɗin shigar masarautarsa na 1130 ya nuna ana biyansa kuɗi a kan aure, har da wata babbar mai dukiya, Lucy, matar marigayi basaraken Chester, wadda ta biya kuɗi masu yawa don a ƙyale ta shekara biyar ba a aurar da ita ba. Abin ya ci gaba har sai da manyan Ingila suka sake sa shi a cikin yarjejeniyar Magna Carta a 1215, cewa ba za a tilasta wa wadda mijinta ya rasu yin aure ba. Ba mu ce ba a yi auren dole a wancan zamani ba. An yi, an yi sosai, musamman ga 'ya'yan masu ƙasa da dukiya. Abin da muka ce shi ne mutanen zamanin sun san sunansa. Sun kira shi zalunci, sun rubuta doka a kansa, sun biya kuɗi don su kuɓuta daga gare shi. Wanda ya ce mu daina auna su da mudunmu, to ga nasu mudun, kuma da shi ma abin bai cika ba.

Akwai mata biyu na ainihi da suka rayu a daidai shekarun da aka ajiye Jamie, kuma mun fi son a san su fiye da duk wata doka.

Ta farko ita ce ƙanwar Sarki Edgar, Edith, wadda aka sauya wa suna Matilda da ta auri Henry. Ta tashi a gidan mata masu zuhudu a Ingila a hannun 'yar uwar mahaifiyarta, Christina, wadda take tilasta mata sa baƙin lulluɓi irin na masu zuhudu. Da maganar aurenta da Henry ta taso, sai aka ce ai ba ta auruwa, ta riga ta ba da kanta ga coci. Ba ta zauna a ɗaki tana kuka ba. Ta je gaban Anselm, babban limamin Kantabari, ta ba da bayani da bakinta cewa ba ta taɓa ɗaukar alkawarin zuhudu ba, dole ake yi mata, kuma idan ta samu ta kaɗaice takan cire lulluɓin ta jefar a ƙasa ta tattake shi. Eadmer, almajirin Anselm, shi ya rubuta wannan. Aka kira taron malamai, aka bincika, aka gaskata ta, aka ɗaura aurenta a watan Nuwamba na 1100. Wato a fadar da littafin ya ce daga can umarnin ya fito, akwai sarauniya 'yar Sikotlan da aka tara manyan malamai don a ji abin da ta yarda da shi da abin da ba ta yarda da shi ba.

Ta biyu labarinta ya fi tsuma rai. Ana kiranta Christina ta Markyate, an haife ta a ƙarshen shekarun 1090 a Huntingdon, 'yar masu hali. Tun tana ƙarama ta ɗauki alkawarin ba za ta yi aure ba, ibada za ta yi. Iyayenta suka ba da ita ga wani saurayi mai suna Burthred. Ta ƙi. Aka yi lallashi, aka yi kyauta, aka yi kulle, uwarta ta yi mata duka, har aka shigar mata da saurayin ɗaki da dare don a gama magana. Ta kuɓuta. Daga ƙarshe ta sa kayan maza ta hau doki ta gudu, ta ɓuya shekara biyu a wurin wata mai zuhudu, sannan ta ƙara wasu shekaru huɗu a wani ɗan lungu a bukkar wani dattijo mai ibada, lungun da ko miƙewa sosai ba ta iya yi. Shi Burthred da kansa ya zo ya sake ta daga alkawarin, babban limamin York, Thurstan, ya warware auren wajen 1122, ita kuma ta zama shugabar gidan zuhudu a Markyate. Wani malamin coci na zamaninta ya rubuta tarihinta, kuma bai rubuta shi don ya nuna ta a matsayin marar kunya ba. Iyayen ne suka fito da baƙin jini a rubutun.

Wannan yarinya sa'ar Jamie ce ko ƙanwarta, ƙasarsu ɗaya, sarkinsu ɗaya. Idan mun ce haka zamanin yake, ina za mu kai ta? Ita ma ai zamanin ce.

Bayan waɗannan shekaru ne malaman coci suka daddale maganar. Daga kundin Gratian na wajen 1140 zuwa hukunce-hukuncen Paparoma Alexander na Uku, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181, aka tsaya a kan cewa yardar mace da namiji ita ce take ƙulla aure, kuma auren da aka ƙulla da tsoro ko tilas ana iya warware shi. Abin mamaki, Sikotlan ta fi Ingila riƙe wannan. Ingila ta tsaurara sharuɗɗan aure da dokar 1753, Sikotlan kuwa ta ci gaba da amincewa da auren da mutum biyu suka ƙulla da furucin yarda, har sai da dokar 1939 ta soke shi. Shi ya sa masoyan Ingila da iyaye suka hana su aure suke gudu zuwa ƙauyen Gretna Green da ke bakin iyaka. Ƙasar da masoya suke gudu zuwa cikinta don su auri wanda suke so, ita ce littattafan soyayya suka mayar hedikwatar ɗaukar amarya a kafaɗa. Ko wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Matan Sikotlan na tsakiyar zamani ma ba duka ne 'yan jiran umarni ba. Isabella ta Buchan ta bar ɓangaren mijinta ta je ta naɗa Robert Bruce a 1306, Sarkin Ingila ya sa aka tsare ta a keji a Berwick. Agnes ta Dunbar ta riƙe ganuwar gidansu wata biyar a 1338 tana fuskantar rundunar Ingila mijinta ba ya nan, har suka gaji suka tafi. Tsofaffin marubutan tarihin ƙasar ma sun ce mahaifiyar Bruce, Marjorie ta Carrick, ita ta tsare mahaifinsa a gidanta har sai da ya yarda ya aure ta. Ko gaskiya ne ko ƙari, su suka ga ya dace su rubuta.

To daga ina hoton nan na ƙaton ɗan tsauni, mai faɗin ƙirji, wanda ba ya neman izini, ya fito? Daga waje ya fito, kuma daga baya. Shekaru aru-aru mutanen kudu suna kallon 'yan tsaunuka a matsayin ɓarayin shanu marasa wayewa. Bayan an murƙushe su a yaƙin Culloden a 1746, aka haramta musu tufafinsu har zuwa 1782, aka karya ikon shugabannin dangi, sannan aka shiga korar talakawa daga gonakinsu don a zuba tumaki. Sai da suka daina ba kowa tsoro aka fara yi musu kwalliya a littafi. Scott ya buɗe ƙofar, masu fim da marubutan Amurka suka shige. Wannan ya kamata ya taɓa mu, domin mun san yadda ake ji idan baƙo ya zana mutanenka a matsayin jarumai marasa tunani, sannan mai karatu a wata nahiya ya gyaɗa kai ya ce ai haka suke. Duk lokacin da ɗayanmu ya rubuta cewa mazan tsaunukan Sikotlan dama can haka suke da mata, abin da ake yi mana ne yake yi wa wasu.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi a wajen waɗanda muke jayayya da su, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa mu manya ne, mun san bambancin littafi da rayuwa. Mace tana iya jin daɗin labarin mijin da aka tilasta mata ya zama masoyi ba tare da tana fatan haka ga kanta ko 'yarta ba, kamar yadda mai karanta labarin 'yan fashi ba ɗan fashi ba ne. Sun ƙara da cewa daɗin labarin ma ai a nan yake: mace marar iko ta shiga gidan mai iko ta juya shi da gidan gaba ɗaya. Wannan magana ce mai kyau, kuma in a nan suka tsaya, babu faɗa tsakaninmu. Mai wannan magana ya amince cewa mafarki yake karantawa, ya san marubuciya ta riga ta yi magudi, ta tabbatar baƙon da aka miƙa wa yarinyar kyakkyawa ne, mai adalci, marar duka, kuma bai kashe kowa ba. Ya san cewa a rayuwa babu marubuciyar da take tsaye a bayan labule tana tace mazan. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka bar "ina jin daɗin mafarkin" aka koma "ai haka ake yi, kuma ka ga ya ƙare lafiya". A nan an fita daga littafi, an shiga ba da fatawa.

Kuma mun san wannan fatawa, ba a Sikotlan muka fara jin ta ba. Ita ce ake karanta wa yarinyar da take kuka ranar kai ta: yi haƙuri, haka iyayenmu suka yi, so yana zuwa daga baya. Wani lokaci yana zuwa, ba mu musa ba. Wani lokaci kuma abin da yake zuwa sai dai a ji shi a kotu ko a asibiti. Marubutanmu mata sun daɗe da sanin haka. A daidai shekarun da The Bride yake tashe a Amurka, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a Kano, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, kuma ba ta sa dattijon ya rikiɗe ya zama masoyi a babi na goma ba. Abin takaici, yau idan aka leƙa littattafan da ake rubutawa a waya ana rabawa a WhatsApp da Wattpad, sai a ga tsarin Garwood ne ya fi yawa, an cire masa dariyar da tausayin: attajiri mai girman kai, yarinya marar gata, auren da aka ƙulla don biyan bashin uba, wulaƙanci shafi ɗari biyu, sannan ya kamu da sonta, a tashi. A wasu ma har da abin da sunansa fyaɗe, a kira shi daren farko. Masu karanta waɗannan da yawansu 'yan sakandare ne. Idan mu da muke kiran kanmu masu nazari muka kasa cewa auren Jamie dole ne aka yi mata, marubuciya ce kawai ta tausaya mata, to da wane baki za mu yi wa ƙannenmu magana a kan waɗancan?

Kada wani ya fassara mu da cewa a hana karatu. An ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007, kuma ba mu ga abin da wutar ta gyara ba, sai ma marubuta da suka sha tsangwama, labaran kuma suka koma waya inda babu edita balle mai gyara. A karanta The Bride, a yi dariya inda Jamie ta rikita gidan Kincaid, a ji daɗi ranar da ta yafa mayafin nan da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Wasunmu sun karanta shi sau biyu, kuma ba su tuba ba. Abin da muke nema kaɗan ne: wanda ya ji daɗi ya ce ya ji daɗi, ya tsaya a nan, kada ya jawo mutanen ƙarni na 12 su zo su yi masa shaidar zur. Idan kuma wata 'yar uwa ta ce ita auren ya dame ta, kada a ce mata ba ta san tarihi ba, domin Cnut da Anselm da Christina ta Markyate suna ɓangarenta.

Ga wanda har yanzu yake kan bakansa cewa littafin hoton zamaninsa ne, fili a buɗe yake a ƙasa. Tufafin ba na zamanin ba ne, sunan ba na yankin ba ne, gabar ƙasashen ta zo bayan kusan shekara ɗari biyu. Ya kawo mana abin da ya sa ikon miji kaɗai ne ya yarda marubuciya ta kwafo daidai. A yi musu cikin mutunci kamar yadda aka saba, kuma don Allah kada wanda ya gama littafin ya faɗi sunan mai neman ran Jamie, akwai waɗanda suke tsakiya.